Samariya: Tarihin Dandali da Gayya a Ƙasar Dogo-Dogo

Duk dattijon da ya ba shekara sittin baya a ƙasar Dogo-Dogo, in ka ambaci samariya a gabansa, sai ka ga ya gyara zama. Wani dare zai fara tunawa: daren farin wata bayan an kai gero rumbu, kalangu na kuka a bakin kasuwa, 'yan mata sun yi da'ira, ƙura ta tashi har tana dushe hasken fitila. Wani kuma rana zai tuna, ranar da aka tashe su tun asuba aka kwaɓa ƙasa aka buga tubali don gina ajin lakwal, ba a biya kowa ko dala ba. Tsohuwar da ke gefe kuwa launin atamfa za ta tuna, wadda suka yi anko da ita shekarar da aka kwashe su a babbar mota zuwa Magariya gasar rawa. Kowannensu gaskiya ya faɗa, domin samariya ta rayu sau uku a wannan ƙasa. Ta rayu a hannun gari, ta rayu a hannun 'yan siyasa, sannan ta rayu a hannun gwamnatin soja. Mai son sanin abin da ya kashe dandali sai ya bi zamunnan nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da abin ya tsiro

Dogo-Dogo ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jahar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Da can a ƙarƙashin Magariya take. A 2011 aka yanke Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Amma sunan da ya girmi duk waɗannan shi ne Sosebaki, tsohuwar ƙasar da ta haɗa sarautun Dungas da Waca da Mirya, kafin Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, ta shigar da su ƙarƙashinta. Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 su da Ingilishi suka bi daji suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari wa yana ƙasar Faransa, ƙane yana ƙasar Ingila, alhali rijiya ɗaya suke sha.

Ƙasa ce ta jigawa da kwari. A tudu ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a ƙarƙashin itatuwan gawo, a kwari kuma rake da rogo da kayan lambu. Hausawa ne suka fi yawa, ga Fulani da dabbobinsu a tsakanin gonaki. Tana cikin yankunan da suka fi cikar jama'a a Nijar, ƙauye na hango ƙauye. Ranar Alhamis kuwa hanya ta miƙe zuwa kasuwar Maigatari a jihar Jigawa. Inda garuruwa suka yi kusa haka, kiɗan da aka buga a wannan gari ana jin sa a wancan, kuma saurayi na iya zuwa wasa da ƙafa ya komo kafin kiran assalatu. Wannan kusanci shi ne takin da samariya ta sha.

Sarautar da ba ta da gado

Samariya ta farko ba wanda ya kafa ta da takarda. A nan, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, samarin gari ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi su baki da haƙuri da buɗaɗɗen hannu, su kai shi gaban mai gari da goro. Mai gari ya sa albarka, a naɗa masa rawani, ya zama sarkin samari. Sarauta ce da ba a gadonta, ba a kuma mutuwa a kanta: in mutum ya manyanta, iyali suka yi masa nauyi, sai ya sauka a naɗa wani.

Sarkin samari ba ya zama shi kaɗai. Fadarsa kwafin fadar sarkin ƙasa ce, da galadima da waziri da alƙali da majidaɗi da dogari. 'Yan mata ma suna da tasu shugaba, wadda sunanta ke sauyawa daga gari zuwa gari, wani wuri sarauniya, wani wuri magajiya. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da aka buga labarin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin irin wannan tsari a ƙuruciyarta, abin da ke nuna cewa daga Zazzau har Damagaram zaren ɗaya ne.

Kada a ɗauki sarautun nan wasan yara. Alƙalin samari yana yanke hukunci na gaske. Wanda ya ƙi fita gayya ba uzuri, tara. Wanda ya zagi budurwa a fili, tara. Wanda ya ɗaga hannu a wurin wasa, tara, kuma sai ya ba da haƙuri a gaban kowa. Tarar ba ta wuce ƙwaryar goro ko 'yan kuɗi kaɗan ba, amma akwai hukuncin da ya fi ta ciwo, wato a ƙaurace wa mutum. Ranar aurensa ba makaɗi, ba abokan ango, ba mai ɗaukar masa jinka. A ƙauye babu ɗaurin da ya kai wannan. Ta haka yaro ɗan shekara goma sha biyar ke koyon yadda ake shugabanci da yadda ake biyayya, yadda ake tara kuɗin jama'a a kashe a kuma yi bayani, tun kafin ya san akwai wani abu wai shi gwamnati.

Daga damina zuwa kaka

Shekarar samariya da ruwan sama take farawa. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya aika wa sarkin samari goro ya roƙi gayya. Da dare maroƙi ya zaga unguwa-unguwa yana shela. Kafin rana ta fito samari sun jeru a gindin gona, kowa da hauyarsa, kowa da kuyyarsa. Mai gangar noma na biye da su a baya, yana buga taken kowane saurayi da kirarin gidansu. Wanda ya ji takensa sai ya ƙara sunkuyawa, ƙasa na tashi ta bayansa, don ba ya son a ce ɗan gidan wane ne ya zo ƙarshe. Da hantsi 'yan mata su ɓullo a jere da ƙoren fura a ka, su tsaya a inuwar gawo suna kallon wanda ya riga fita kuyya. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu, kafin azahar an gama ta. Mai gona ba ya biyan lada, abinci kawai yake yi. In gonar tsohuwa ce marar ɗa, ko ta malamin gari, ko ta majinyaci, ko abincin ma ba a jira. Saurayin da ke neman aure kuma da abokansa yake zuwa gonar surukai, a nan ake gane ko yana da jama'a.

Idan kaka ta yi, sai gajiya ta koma wasa. Lokacin kalankuwa ke nan, da kokawa da dambe, Fulani kuma su yi sharonsu a gefen kasuwa. Daren dandali yana da tsarinsa. Ƙananan 'yan mata ne ke buɗe fili da gaɗa, tafi da waƙa kawai, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tare ta su cilla. Bayan isha makaɗa su iso, a shimfiɗa wa sarkin samari da fadawansa tabarma, dogari ya zaga da tsumagiya yana faɗaɗa da'ira. 'Yan mata na shiga bibbiyu ko a jere, kowacce da takenta, mai kalangu na matse tsarkiya a hammata yana kiran sunanta da kiɗa har sai ta fito. Saurayin da ke so ya keta fili ya liƙa mata kuɗi a goshi, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar, abokin takara ya ji ya shigo ya ninka. Duk wannan a idon jama'a ake yi, ƙannen yarinya na nan, yayyenta na nan, tsofaffin mata na zaune a gefe ba abin da ke wuce su. In sarkin samari ya ce an tashi, an tashi, kuma sai an raka kowace yarinya ƙofar gidansu.

Babban abin alfahari shi ne gayyatar wani gari. A aika goro, a sa rana. Baƙi su iso da la'asar da makaɗansu da 'yan kokawarsu, a tarye su a bayan gari, a raba su gida-gida, kowane baƙo da mai masaukinsa. A yi kwana biyu ko uku ana wasa, ana gwada ƙwanji, ana gwada ado. Baɗi kuma waɗanda aka sauka su rama. Iyakar da Turawa suka shata ba ta hana wannan zumunci ba, kuma aure da yawa tsakanin ƙauyukan Dungas da na ƙasar Gumel daga irin wannan ziyara suka samo asali.

Da rani aiki ya koma cikin gari: yaɓen masallaci, yashe rijiya, share maƙabarta, ɗaukar jinka, kashe gobara. Da azumi yara su yi tashe. Da salla a yi kwanaki ana kiɗa. Samariya ba ta taɓa raba wasa da aiki ba. Ƙafar da ta yi rawa jiya ita ce ke cikin laka yau, kuma wanda bai zo laka ba, ba shi da bakin shiga fili.

Zamanin Nasara da kuɗin gyaɗa

Mulkin Faransa ya shigo da abubuwa biyu da suka taɓa samari kai tsaye: haraji da aikin tilas. Samari ake kamawa su fasa hanya, su ɗauki kaya, su yi gini a bariki, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. A yanki irin wannan, mai iyaka a bayan gida, da yawa sun gwammace su tsallaka Najeriya har ƙura ta lafa. Amma samari ba su rasa yadda za su rama ba, sai suka shigar da Nasara cikin wasa. Aka fara jin sababbin sarautu a fadar samari: gwamna, kumandan, likita, soja. A sa wa wani hular kwano ta ƙwarya, a yi masa tabarau da kara, ya riƙa tafiya yana ba da umarni da Faransancin da ba shi da kai, jama'a na dariya. A birnin Damagaram ma akwai irin wannan al'ada, wato wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon manyan ƙasa da tufafinsu da tafiyarsu, wasan da har yau birnin ke tinƙaho da shi.

Wani abu kuma da ya sauya dandali shi ne gyaɗa. Daga shekarun 1930 zuwa farkon na 1970, ƙasar Magariya da Matamai na cikin zuciyar noman gyaɗa a Nijar. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don saye da fitar da ita, daga baya aka gina masana'antar matse mai ta SEPANI a Magariya. Kuɗi suka shiga aljihun saurayi a karon farko ba ta hannun ubansa ba. Aka ga keke, aka ga rediyo, aka ga agogo da fitila mai ƙwai. 'Yan mata suka fara anko da atamfa, liƙi ya tashi daga ƙwandala zuwa takarda. Masanin nan Bafaranshe, Guy Nicolas, da ya yi bincike a ƙasar Kance maƙwabciyar Magariya a wajejen 1960, ya nuna yadda dukiya ke zagayawa ta hanyar biki da kyauta da ramuwar kyauta, yadda abin da mutum ya bayar a fili ke zama ajiya a wurin jama'a. Dattawa kan ce a shekarun gyaɗa dandali ya yi ƙiba.

Lokacin da siyasa ta shigo fili

Bayan yaƙin duniya na biyu jam'iyyu suka ɓullo. Aka kafa PPN a 1946, wadda aka fi sani da RDA, sannan Jibo Bakari ya ja nasa ɓangare da ya zama Sawaba. 'Yan siyasa ba su daɗe ba suka gane cewa wanda ya samu sarkin samari da shugabar 'yan mata ya samu makaɗa, ya samu masu shela, ya samu taron da ba sai ya yi wahalar tarawa ba. Ƙasar Damagaram ta kasance cikin wuraren da Sawaba ta fi ƙarfi. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, ta sha kaye, a 1959 aka haramta ta. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu 'yanci da jam'iyya ɗaya tilo, ƙarƙashin Diori Hamani.

Wannan ne karo na farko da dandali ya tsage. Gangar da ke kiran kowa ta koma kiran wasu. Gwamnatin Diori ta kafa ƙungiyoyin matasan jam'iyya, ta kuma kawo shirin wayar da kan manoma, wanda ƙasar Matamai ta zama cikin wuraren gwajinsa na farko, ga kulob-kulob na sauraron rediyo da aka fara a 1962. A Yamai ana shirya makon matasa, inda ƙungiyoyin jahohi ke nuna rawa da wasan kwaikwayo. An samu alheri a ciki. Sai dai sarkin samarin da jam'iyya ta naɗa ba ya da kwarjinin wanda tsaransa suka zaɓa, kuma mutanen ƙauye sun san bambancin.

Daga nan fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya yi ta ja da baya, a 1973 abin ya kai maƙura. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, noman da bai sake komawa yadda yake ba. Mai jin yunwa ba ya rawa. Samari suka bazu ci-rani, kalangu ya koma rataye.

Samariyar Kunce

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori, Seyni Kunce ya hau. Ya rushe jam'iyya da majalisa, amma ya san ba a mulkin ƙasa da bindiga kaɗai, sai da hanyar isa ga talaka. Maimakon ya ƙirƙiro sabon suna, sai ya ɗauko tsohon da kowa ya sani. Aka ce kowane ƙauye da kowace unguwa su farfaɗo da samariyarsu, aka jera su hawa-hawa tun daga ƙauye har ƙasa baki ɗaya, aka sa su ƙarƙashin ma'aikatar matasa. Kalmar da ke bakin kowa a lokacin ita ce gina ƙasa.

Ba a taɓa ɗaukaka wasannin gargajiya a Nijar kamar shekarun nan ba. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. A Afrilun 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa karo na farko, kuma a birnin Damagaram aka yi shi. Daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi, duk inda ya sauka a bar musu filin kokawa ko gidan matasa ko filin wasa. Hanyar zuwa bikin daga ƙauye take farawa. A tace a gari, a je Magariya a kara da sauran ƙauyuka, waɗanda suka yi fice su wuce Damagaram, daga can a zaɓi masu wakiltar jaha. Ana gasar waƙa, da kiɗa, da wasan kwaikwayo, da rawar da aka tsara ta ba da labari, wadda ake kira bale. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba ta ga Tawa, ta ga Agadas, ta kwana ɗaki ɗaya da Bazabarma da Ba'abziniya. Wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa, ƙungiyar gidan rediyo ta Damagaram, inda Yazi Dogo ya yi suna, ta shiga kowane gida. Da talabijin ta zo a ƙarshen shekarun 1970, aka kafa akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa, mutane suka ga rawar ƙauyensu a cikin gilashi.

A ɓangaren aiki ma an ga abin a zo a gani. Samariya ta gina azuzuwan lakwal da tubalin ƙasa, ta gyara hanyoyin karkara, ta share gari, ta yi gonakin haɗin gwiwa. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, kuma samari ne ke haƙa ramuka. A 1983 aka kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har Yamai, samariya da ƙungiyoyin manoma su ne ginshiƙansu biyu.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gayyar da ake roƙo da goro ta koma umarnin da ke saukowa daga bariki. In babban baƙo zai zo, a jera samari da 'yan mata a bakin hanya tun hantsi, cikin rana, suna tafi har ya iso, ko da gona na jira. Waƙar da ke yi wa mai rowa da mai girman kai zambo ta koma yabon hukuma da jan kunne kan abin da hukuma ke so. Rawar da ake kwana ana yi aka yanke ta zuwa 'yan mintoci don ta shiga ma'aunin alƙalan gasa. Tsoro ma ya shigo, domin zamani ne da bango ke da kunne, kuma ba kowa ke sakin baki a gaban shugabannin samariya ba. Samariya ta yi girman da ba ta taɓa yi ba, amma igiyarta ta bar hannun gari.

Yadda fili ya mutu

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Ali Saibu ya gaje shi, a 1989 ya kafa jam'iyyar MNSD, samariya ta zama reshenta. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso aka zauna babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, sai aka dubi samariya a matsayin kayan aikin mulkin da ake son binnewa. Jam'iyyu suka yawaita, a 1993 ɗan Damagaram, Mahamman Usman, ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Kowace jam'iyya ta ja nata matasa da nata makaɗa. Da gwamnati ta saki igiya, ba a samu hannun da zai karɓa ba, domin shekara goma sha bakwai sun isa a manta yadda ake naɗa sarkin samari ba da takardar bariki ba.

Ba siyasa kaɗai ta yi wannan aiki ba. Ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, gonaki suka tsuke, ci-rani ya daina zama na wata uku ya koma na shekaru, daga Kano da Legas har Libiya da Aljeriya. Noma ya koma na kuɗi, ɗan ƙwadago ya maye gurbin gayya. Wa'azi ya yi ƙarfi, malamai da yawa suka yi tir da cakuɗuwar maza da mata da dare, iyaye suka janye 'ya'yansu. Finafinan Kano suka shigo gidajen kallo, daga baya waya ta shigo aljihu. A wurin biki, na'ura mai lasifika ta kori mai kalangu, ɗansa kuma ya kama acaba. Matasa ba su daina taruwa ba: tun shekarun 1990 fada ta bazu ko'ina, 'yan tsara su shimfiɗa tabarma su ɗora shayi, su yi adashi, su taimaki junansu ranar aure ko rashin lafiya. Jinin samariya na gudana a cikin fada. Sai dai fada ta abokai ce, samariya kuwa ta gari ce gaba ɗaya, ɗan sarki da ɗan maƙeri a layi ɗaya.

Abin da wasu suka yi da tasu rawa

Ba mu kaɗai zamani ya taɓa yi wa haka ba. A ƙasar Sikotland, arewacin Birtaniya, raye-rayen karkara sun kusa ɓacewa bayan yaƙin duniya na farko, sababbin kiɗe-kiɗe sun janye matasa. A 1923 wasu mata biyu, Jean Milligan da Ysobel Stewart, suka kafa ƙungiya a birnin Gilasgo. Suka bi tsofaffi da tsofaffin takardu suna tattara yadda ake kowace rawa, a 1924 suka buga littafi na farko mai rawa 12. Tun 1927 suke taron koyarwa kowace bazara a garin St Andrews, a 1951 kuma Sarkin Ingila ya ba ƙungiyar lambar girma ta sarauta. Yau tana da rassa a Kanada da Amurka da Ostireliya har Japan. Ƙaramin kulob na gari kan haɗu sau ɗaya a mako a zauren unguwa, mutum takwas-takwas a layi biyu, a koyi taka, a huta a sha shayi, a shirya babban dare sau ɗaya a shekara, a gayyaci kulob na maƙwabta. Membobi ke biyan kuɗin zaure, su ke zaɓen shugabanninsu.

Mai karatu zai ga cewa babu abin da ke cikin wannan tsari da kakanninmu ba su riga sun yi ba: shugaban da aka zaɓa, asusun jama'a, ranar haɗuwa, gayyatar maƙwabta. Abu biyu suka fi mu. Sun rubuta, kuma ba su miƙa wa kowace gwamnati igiyar ba.

Kira

A 2004 Dogo-Dogo ta fara zaɓen kansilolinta da magajin garinta, wato hukunci ya dawo kusa da gida. Waɗanda suka taka rawa a bikin 1976 suna da ƙuruciya yau sun doshi saba'in, makaɗan da suka san taken kowane gida kuwa ana binne su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da ke kansa. Ba sai an jira Yamai ba. Malamin lakwal na iya tura ɗalibai su zauna da kakanninsu su rubuta sunayen raye-raye da sarautun samarin garinsu da jerin waɗanda suka riƙe su. Saurayin da ke da waya na iya ɗaukar tsohon makaɗi yana bugawa yana bayani. Gidajen rediyon karkara na yankin su ware sa'a ɗaya a mako. Sarakuna da malamai su zauna da matasa a fitar da tsarin da addini da mutunci suka yarda da shi, a yi wasa da rana, mata da filinsu, a maido da gayya ga gonar marayu da gwauraye da tsofaffi. Fadodin shayi na unguwa su haɗu su zaɓi sarkin samari da kansu, su kai shi gaban mai gari da goro, kada su bar kowace jam'iyya ta saya masa rawani.

Da tsohuwar zuma ake magani. 'Yan'uwana matasan Dogo-Dogo da Dungas da Magariya, tsofaffin nan suna zaune a ƙofar gida da la'asar, kuma ba abin da suke jira sai a tambaye su. Ku je yau, kada ku bari sai kaka.